Kwana uku a garejin bincike: bita kan wurin da ya gano abin da ke kashe wa motata ƙarfi

Motar da nake hawa Toyota Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Kwatano, mai injin lita 1.8, kuma tun da na saye ta hannu na biyu ba ta taɓa kwana a hanya da ni ba, sai a bazarar da ta wuce ta ɓullo da wata ɗabi'a wadda ta kusa sa ni sayar da ita da asara. Da safe bugu ɗaya take tashi, kuma a zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa wurin aiki, ba ta nuna alamar komai. Amma idan na hau titin Zariya daga Kano da rana tsaka, na yi tafiyar minti arba'in ko fiye, na wuce Kura na doshi Kwanar Ɗangora, sai in taka totur don in wuce tirela in ji motar ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya. Injin ba ya mutuwa, ba ya kuma yin wata baƙuwar ƙara, gudu ne kawai ke zubewa daga kilomita 110 zuwa 70 alhali ƙafata tana kan totur. Idan na sauka gefen titi na kashe ta na minti goma, sai ta tashi garau ta ci gaba da tafiya kamar ba ita ba. Duk wanda ya taɓa fitowa daga bayan tirela, ya kai tsakiyarta, sannan mota ta ƙi amsa masa ga wata babbar mota tana tahowa, ya san cewa wannan matsala ta wuce a ce a lallaɓa.

Kafin in isa garejin da nake wannan bita a kansa na bi ta hannun kanikawa uku, kuma ina ambaton su ne domin da su zan auna aikin na huɗun. Na farko ya saurari injin yana tsaye, ya ce fulogi ne, aka sa sababbi guda huɗu. Na biyu ya ce nozul ne suka toshe saboda gurɓataccen mai, aka kwance su aka wanke, da matsalar ta dawo kuma ya ce to famfon mai ne, ya cire na asali ya sa sabo na kwali. Wannan ya ba ni hutun mako biyu, har na fara yi masa godiya a gaban mutane, sannan ciwon ya dawo yadda yake. Na uku yana da 'yar na'urar bincike ta hannu, ya jona ta, ya karanta lamba, ya goge ta, wutar cek da ta kama a dashbod ta mutu, ya karɓi kuɗinsa, ya kuma ba ni shawarar in bari a fasa salansa a zubar da abin da suke kira indomi, wato saƙar da ke tace hayaƙi, wai ita ce ke shaƙe motar. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya shiga motar ya yi tafiya da ita har matsalar ta taso a gabansa. Ba na cewa sun cuce ni da gangan, domin kowane abu da suka ambata yana iya jawo irin wannan rashin ƙarfi. Kuskurensu ɗaya ne: sun zaɓi wanda ya fi yawan faruwa suka canza shi da kuɗina, suka bar ni in gwada a hanya ko sun dace.

Garejin na huɗu yana wani lungu a bayan titin Zariya, kuma wani abokin aikina ne ya kwatanta mini shi. Daga waje bai bambanta da sauran ba: fili ne mai katangar langa-langa, da bishiyar darbejiya a tsakiya, da benci ɗaya a ƙarƙashinta, da motoci biyar ko shida bonet a buɗe. Bambancin yana cikin wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe inda mai garejin, wanda yaransa ke kira Oga, yake ajiye na'urar bincike mai faffadan allo, da ma'aunin matsin mai, da mitocin wuta guda biyu, da tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da zanen wayoyin motoci. Tun kafin ya taɓa motar ya gaya mini cewa kuɗin bincike daban ne da kuɗin gyara, ana biyan sa ko da daga baya zan kai gyaran wani wuri, kuma babu ragi. Kuɗin ya kai kusan na rabin tankin mai, abin da ya yi mini nauyi a lokacin, domin mun saba bakanike ya duba kyauta ya ci ribarsa a kan kayan da zai sayo.

Abu na farko da ya burge ni shi ne tambayoyinsa. Ya zaunar da ni a kan bencin kusan minti ashirin yana tambaya, yana rubutawa a bayan wani kwalin fulogi. Da safe take yi ko da rana? Bayan tafiyar minti nawa? Da na'urar sanyaya mota a kunne ko a kashe? Tana fizga ne, ko ƙarfin yana zubewa a hankali? Allurar zafi tana hawa? Tankin yana cike ko ya kusa ƙarewa? Me aka canza, kuma wanne aka fara canzawa? Tsofaffin kayan suna ina? Da na ce tsohon famfon yana cikin but a leda, sai ya ce, "Malam, ka yi dabara, kada ka yar da shi." Ya kuma tambaye ni ko an taɓa yi wa motar aikin wayarin ko an sa mata wata na'ura, na ce masa ban sa komai ba, wanda gaskiya ne iyakar sanina, amma amsar ta ɓatar mana da yini guda kamar yadda za a gani.

Daga nan ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan soket mai ramuka 16 na tsarin OBD-II ne, wanda Amurka ta wajabta wa duk motocin da ake sayarwa a can tun daga ƙirar 1996, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001, shi ya sa kusan kowace 'yar Kwatano da ke kan titunanmu tana da shi. Lambar da aka goge ta riga ta dawo, P0171, wadda ma'anarta ita ce iska ta yi wa mai yawa a cakuɗar da injin ke ƙonawa. A nan ne na fahimci abin da yawancin masu motoci, har da ni, muke kuskuren ɗauka game da wannan na'ura. Muna zaton tana faɗin kayan da ya lalace, alhali koken ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, kawai take isarwa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai bisa nauyi, kuma idan sensar da ke jikin salansa ta ga iskar ta rinjaya, ƙwaƙwalwar takan ƙara buɗe nozul domin ta cike giɓin, idan ƙarin ya wuce iyaka kuma sai ta ajiye wannan lamba. Lambar ba ta bambanta tsakanin tiyon da ya tsage yana shan iska ta ɓarauniyar hanya, da ma'aunin iska da ƙura ta rufe, da nozul da suka toshe, da famfon da ya gaza. Wanda ya karanta ta ya goge bai yi komai ba face ya share shaidar da na gaba zai yi aiki da ita.

Shaidar da Oga ya nema ita ce bayanan da ƙwaƙwalwar ke adanawa na daidai lokacin da lambar ta faɗo. Ya juyo mini da allon ya nuna mini: injin ya yi zafinsa na aiki, motar tana gudun sama da kilomita 100, tana ɗauke da nauyi, kuma ƙarin man da ƙwaƙwalwar ke yi ya haura kashi 30 cikin ɗari. Sai ya tayar da motar a tsaye, muka ga ƙarin yana wasa tsakanin kashi biyu da uku, wato lafiya lau. Bayaninsa a kan wannan shi ne mafi amfani da na ji a duk kwanakin. Idan iska ce ke shiga ta tsagewar tiyo ko gasket, matsalar ta fi tsanani lokacin da injin ke tsaye yana jan iska kaɗan, domin ɓarauniyar iskar tana da yawa idan aka kwatanta da ta halas, tana kuma raguwa idan aka taka totur. Tawa akasin haka take: a tsaye babu komai, sai an nemi ƙarfi take bayyana. Wannan yana nuna cewa ko dai ma'aunin iska yana faɗin ƙasa da abin da ke shiga a babban gudu, ko kuma man ne ba ya isowa yadda ake buƙata. Da wannan tunani kaɗai ya fitar da rabin abubuwan da ake zargi ba tare da ya kwance ƙusa ɗaya ba.

Sauran ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Ya ciro ma'aunin iska, wanda kanikawa ke kira eyafulo, ya duba siraran wayoyinsa da fitila, ya ga ƙurar hunturu ta ɗan hau su, ya fesa musu maganin wanki na musamman, ya hana yaronsa taɓa su da tsumma. Bayan ya mayar, na'urar ta nuna kusan giram biyu na iska a daƙiƙa injin yana tsaye, wanda daidai ne ga inji mai wannan girma. Ya duba ƙididdigar tsallaken wuta na kowace silinda, babu ko ɗaya, saboda haka ya wanke fulogi da kwayil daga zargi. Batun indomi kuwa, ya shiga ƙarƙashin motar ya bubbuga salansar da tafin hannu ko zai ji ɓaraguzai suna kaɗawa, sannan ya cire sensar gaba ya ɗaura ma'auni a gurbinta ya taka totur, matsin hayaƙin bai tashi ba. Ya ce da na yarda an fasa ta da na yi asara biyu, domin saƙar tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su falatinam, shi ya sa ake samun masu saurin ba da shawarar a cire ta, ga kuma wutar cek da za ta zauna a kunne da wata sabuwar lamba. Ya kuma duba shekarar motar a jikin ƙofa, ya ce a 2010 kamfanin Toyota ya yi kiran mayar da Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya, ƙirar 2005 zuwa 2008, saboda matsalar ƙwaƙwalwa da ke iya kashe inji, amma tawa ba ta cikin waɗannan shekaru.

Abin da ya rage shi ne mai, kuma a nan aikin ya fara cin lokaci. Wannan injin ba shi da bakin da ake ɗaura ma'auni kai tsaye, sai da aka kwance tiyon mai aka sa mahaɗi mai baki uku. A tsaye allurar ta tsaya a kan 46, cikin iyakar 44 zuwa 50 da aka ƙayyade wa motar a awon matsi na psi, wato duk wanda ya auna a gareji zai rantse cewa famfon lafiyarsa ƙalau. Oga ya fito da tiyon ma'aunin ta gefen bonet, ya manna agogon a jikin gilashin gaba ta waje da salatif, yadda direba zai riƙa ganin sa, domin ba a shigo da tiyon fetur cikin mota. Muka fita da la'asar sakaliya, muka yi tafiyar kusan awa ɗaya, motar ta ƙi yin komai. Ciwon da ba ya tashi a gaban likita ke nan. Na koma gida a adaidaita sahu raina a ɓace, ina lissafin man da aka ƙona a banza, kuma da ba don na riga na biya kuɗin binciken ba da wataƙila ban dawo ba. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce rana ta yi sanyi ne, in zo gobe da azahar, kada kuma in ƙara mai.

Washegari muka fita da misalin ƙarfe biyu, cikin zafin Afrilu da ke kai digiri 40 a Kano, da na'urar sanyi a kunne, tankin bai kai kwata ba. Shi ne ke tuƙi, ni ina gefensa riƙe da na'urar, yaronsa ɗaya yana baya. Mun wuce Kura da kaɗan ya taka totur a wani ɗan hawa, sai na ga allurar da ke jikin gilashi ta fara sauka a hankali, daga 46 zuwa 40, zuwa 34, har ta kusa 28, a daidai lokacin kuma motar ta yi sanyin nan da na sani, lambobin ƙarin mai a allon suna ta hawa. Ban taɓa jin daɗin ganin mota ta lalace ba sai ranar. Ni a raina magana ta ƙare, sabon famfon jabu ne, a sayo wani. Oga ya ce a'a, matsin da ya faɗi yana nuna famfon ba ya turo mai yadda ya kamata, amma bai faɗi dalili ba, kuma famfo biyu a jere da ciwo iri ɗaya abin tuhuma ne.

Ya tsaya a gefen titi bai kashe injin ba, ya sa yaron ya ɗaga kujerar baya, domin a wannan mota famfon yana cikin tanki kuma ana isa gare shi ta wani murfi da ke ƙarƙashin kujerar. Ya soka wayoyin mita ta bayan soket ɗin famfon ba tare da ya cire shi ba. A kan batir wutar tana bolt 14 kamar yadda ya kamata idan inji yana caji, amma a bakin famfon bolt 9 da ɗoriya kawai ke isowa. Fiye da bolt huɗu suna ɓacewa a tsakanin gaban mota da bayanta, alhali a waya mai lafiya abin da ke ɓacewa bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Ya auna ɓangaren da ke komawa jikin ƙarfen mota, ya same shi lafiya, saboda haka asarar tana kan wayar da ke kawo wuta. Ya waiwayo ya sake yi mini tambayar jiya, ko na tabbata ba a taɓa sa wa motar wata na'ura ba. Sai a lokacin na tuna cewa wanda ya sayar mini da ita ya taɓa ambaton cewa akwai sikiriti a jikinta, irin wanda ke yanke mai idan ɓarawo ya gudu da mota, amma ya ce ya daina aiki tuntuni, ni kuma ban sake tunawa da shi ba.

A gareji suka ɓalle robar da ke bakin ƙofar direba suka ɗaga kafet, suka bi damin wayoyi da hannu har suka kai ga wani ƙulli da aka naɗe da baƙin salatif. Ɗumi ne a jikinsa har lokacin, salatif ɗin ya narke ya zama kamar ƙaro. Da aka warware shi sai ga wayar famfon an yanke ta gida biyu, an ratsa da ita ta cikin wani ɗan rile mai araha, wato makunnin da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe ta, kuma mahaɗan duka biyu murɗa su kawai aka yi da hannu, babu dalma. Jan ƙarfen ya yi baƙi, wani wurin ya yi kore saboda danshin da ke taruwa a ƙarƙashin kafet da damina, siraran zaren wayar kuma rabinsu sun karye. Ƙafar rilen ɗaya ta ƙone har robar da ke kewaye da ita ta kumbura. Lissafin mai sauƙi ne: famfon yana jan kusan amfiya biyar, saboda haka ƙullin da turjiyarsa ba ta kai om ɗaya ba ya isa ya cinye bolt huɗu, ya mayar da su zafi na kusan wat ashirin a wuri ɗan ƙarami. Da safe ƙullin yana da sanyi kuma a matse yake, wuta tana wucewa. Bayan doguwar tafiya a rana yakan yi zafi ya saki, turjiyar ta ƙaru, famfon ya rage juyawa, kuma man da yake turowa ya isa tafiyar cikin gari amma bai isa wuce tirela ba. Minti goma a gefen titi sun isa ya huce. Hutun mako biyun da sabon famfo ya ba ni ma ya samu bayani, domin sabon abu yana da ɗan rarar ƙarfi da ke rufe giɓin na ɗan lokaci.

Gyaran kansa bai ɗauki awa ɗaya ba. Oga ya tambaye ni ko ina son a bar na'urar tsaron a gyara mahaɗanta, na ce a cire ta tunda ba ta aiki. Aka yanke ɓangaren da ya ƙone, aka haɗa da waya mai kauri ɗaya da ta asali, aka zuba dalma, aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Wutar bakin famfon ta koma sama da bolt 13. Sannan ya ce a kawo tsohon famfon daga but, ya gwada shi, ya same shi da lafiya, ya ba da shawarar a mayar da shi da sabuwar filtar mai a cire na kwalin, domin a ganinsa na asali mai shekara ashirin ya fi sabon da ba a san inda aka yi shi ba. Na yarda, kuma wannan ne ya kai mu kwana na uku. Yana cikin aikin ya yi mini faɗa a kan yawo da tanki a ƙasa. Fetur ɗin da famfon ke nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, yawancinmu mun koma sayen lita biyar ko goma muna tafiya da wutar gargaɗi a kunne, abin da ke gajarta ran famfo. Ya ce ba wannan ne ya jawo matsalata ba, amma yana ƙara mata, shi ya sa ya hana ni ƙara mai kafin gwaji na biyu. Na ga adalcinsa a nan, da bai ɗora laifin a kan abin da ya fi sauƙin ɗorawa ba.

Wurin yana da nasa aibobi, kuma ba ƙanana ba ne duka. Babu rahoto a rubuce. Bayan kwana uku na aune-aune, abin da na fita da shi shi ne abin da na riƙe a kaina da hotuna biyu da na ɗauka da wayata, alhali wanda ya karɓi kuɗin bincike daban ya kamata ya ba da takarda mai ɗauke da lambar da aka samu, da matsin da aka auna, da abin da aka gyara, domin ta yi amfani idan mota ta je hannun wani ko aka tashi sayar da ita. Ba a kuma gaya mini tun farko cewa man gwajin hanya a kaina yake ba, ga shi tafiya biyu zuwa bayan Kura da dawowa ba ƙaramin mai suka ci ba. Oga ba ya ɗaga waya idan yana aiki, kuma kusan kullum yana aiki, saboda haka sai mutum ya taka da ƙafarsa ya san halin da motarsa ke ciki. Wurin zama benci ɗaya ne, inuwar darbejiyar kuma tana gudu daga kansa da azahar. Yaran sun bar shatin baƙin mai a jikin kujerar baya, sun kuma karya ɗaya daga cikin maƙallan da ke riƙe ta, ba su faɗa mini ba sai da na ji tana motsi. Akwai kuma yawan kushe sauran kanikawa a bakinsa, wanda ko da yana da hujja ba ya yi wa mai sauraro daɗi, musamman idan cikin waɗanda ake kushewa akwai wanda ya shekara goma yana yi maka aiki da amana.

Game da kuɗi, idan na haɗa na bincike, da na gyara, da filtar, da man gwaji, jimillar ba ta kai abin da na kashe a kan fulogi da wankin nozul da famfon kwali da goge lamba ba, waɗanda babu ɗayansu da motar ke buƙata. Duk da haka ba zan tura kowa can da kowace matsala ba. Wanda zai canza baƙin mai, ko birki, ko abin da ido ke gani ya karye, bakanikensa na unguwa ya fi masa sauri da araha, kuma shi kansa Oga ba ya maraba da irin waɗannan ayyuka. Wurin na mai matsalar da ke zuwa tana tafiya ne, wadda aka canza mata kaya sau biyu ba ta daina ba. Wanda zai je ya ware kwana biyu ko uku, ya tafi da tsofaffin kayan da aka cire masa, kada ya bari a goge lamba ko a cire kan batir kafin ya isa, ya kuma rubuta lokutan da matsalar ke tasowa tun daga gida. Ya binciki tarihin motarsa wurin wanda ya sayar masa, musamman aikin wayarin, ko sikiriti, ko na'urar bin sawu, ko rediyon da aka canza, domin da na tuna da nawa a ranar farko da an ɗaga kafet ɗin tun kafin a ƙona lita ɗaya.

Tun bayan gyaran na je Kaduna sau uku na dawo, biyu daga ciki da rana tsaka, na kuma gwada ta da gangan a hawan da ta saba yin sanyi, ta amsa totur har ƙarshe. Wutar cek ba ta sake kamawa ba. Na koma garejin sau ɗaya domin maƙallin kujerar, Oga ya ce yaro zai samo shi a kasuwar Ƙofar Ruwa cikin kayan Beljiyam, in dawo ranar Asabar. Na koma ranar Asabar ɗin na tarar ya fita gwajin hanya da wata mota, yaran kuma ba su san zancen ba, saboda haka har yanzu kujerar tana ɗan motsi idan na taka birki da ƙarfi.